Shekarar da Baba Ya Yanke Furen Albasa

Idan na ce wa yaran gidanmu akwai lokacin da dattawan gari suke sa manyan riguna su gangara fadama don kallon fure, dariya suke yi mini. Su a saninsu fure na roba ne, wanda ake jerawa a teburin manyan baƙi ranar fuwar, wato bikin nuna amfanin garka, a wanke shi a ajiye sai baɗi. Ba na gardama da su. Abin da zan nuna musu shaida ya ƙare a gabana ina kallo.

Ƙauyenmu yana tsakanin Madawa da Buza, a bakin wata fadama da ta ciyar da mu tun kaka da kakanni. Gero na damina ne, don ciki. Albasa ta rani ce, ita ce suturarmu, ita ce aure da suna. Bikin nuna amfanin garka ya fara ina budurwa, a shekarun da suka biyo bayan babbar yunwa, lokacin da aka gina mana rijiyoyin siminti mutane suka fara dawowa cikin hayyacinsu. Ba wani babba ne ya kawo shi ba. Mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makaranta, shi ne ya ce in sanyi ya kusa fita, kowa ya kawo abin da garkarsa ta yi mafi kyau a shimfiɗa a filin makaranta a gani. Shi ya kira abin fuwar da Faransancinsa, sunan kuma ya zauna.

Farkon abin babu kyauta, babu jawabi. Tabarmi ne kawai, da albasa tsibi-tsibi, da tumatir, da tonka mai yaji, da kabewa. Sanƙiran gari yana zagayawa yana kiran sunan wanda kayansa suka yi kyau, yana yi wa raggo shaƙiyanci. Akwai shekarar da wani ya sayo kabewa a kasuwar Madawa ya ce tasa ce, har ya mutu ana kiransa da sunan kabewar. Ana zuwa daga Galma, ana zuwa daga wajen Azarori, a ci a sha a watse kafin magariba.

Fure kuwa wata mata ce ta shigo da shi. Kirista ce, mijinta yana aiki a asibitin mishan, amma uwarta ƴar ƙauyenmu ce, don haka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Madam muke ce mata. Ta zo da wasu furanni ja da rawaya a cikin gwangwanayen tumatir, ta jera su a ƙarshen tabarmar mata. Mata suka yi mata caa.

"Madam, wanga ana miya da shi?"

"A'a."

"To magani na?"

"A'a, na kallo na."

Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Mahaifina, wanda muke kira Baba, bai yi dariya ba. Ya tsaya ya dubi gwangwanayen, ya ce mata, "In hure kike son gani, taho garka." Ya wuce gaba, ta bi shi, mutane suka bi su don su ga ƙarshen abin. Daga wannan ranar aka fara abin da muke kira zagaye.

Wanda bai yi albasa ba bai san wahalar irinta ba. Shekara biyu take ci. Bana ka zuba iri ka samu albasa. Ka zaɓi waɗanda suka fi kyau, masu jan ɓawo da siririn wuya, ka kai su rudu, ɗakin karan nan da ake ɗagawa bisa duwatsu don iska, su yi damina a can. Wadda ta ruɓe ta ruɓe. Wadda ta tsira, bayan kaka ka yanke mata kai, ka shafa toka, ka mayar da ita ƙasa. Ita ce take fitar da dogon kara, a samansa farin fure a dunƙule kamar curin fura. In ka bar shi ya bushe a tsaye ya ba ka baƙin iri. In ka yanke shi ɗanye ka yi asarar komai, don uwar ta riga ta zuba ƙarfinta a karan, ba ta sake komawa albasa. Irin kuma ba ya ajiyuwa. Shekara ɗaya lafiya lau, amma in ya wuce haka a zafin ƙasarmu ya mutu, ko da idonka yana ganinsa baƙi ƙirin kamar sabo.

Irin Baba gado ne. Yakan ce yana gidanmu tun zamanin da kakanninmu suke auna wa Abzinawa hatsi, wai albasa ce kaɗai ba sa ɗauka. Ban san gaskiyar wannan ba, don kowace shekara yana ƙara wa labarin gishiri. Abin da na sani, albasarsa tana sa mutum hawaye tun daga ƙofar gida, kuma takan kai wata kakar a rudu ba ta ruɓe ba. Lokacin fure garkarsa fari fat take yi, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa, ba ka jin maganar na kusa da kai sosai.

Ga yadda zagayen yake. Bayan azahar dattawa su bar filin makaranta su gangara fadama, garka bayan garka, suna duba furen kowa a tsaye. Ba a taɓawa, balle a tsinka. Wanda furen wani ya burge shi, sai ya ɗauki ganyen kaba ya ƙulla a darnin garkar, ba sai ya ce komai ba. Ma'anarsa yana son iri. In an sussuke, mai garka ya aika masa da cikin hannu, kyauta, don ba a sayar da iri a lokacin. Amma akwai sharaɗi da kowa ya sani: ranar da mai bayarwa ya rasa nasa, duk ƙofar da ya taɓa aika wa iri zai iya tsayawa, kuma ba a mayar da shi hannu rabbana. Darnin Baba ba ka ganin karansa don ƙullin kaba. Ranar farko har Madam ta ƙulla nata, aka sake yi mata dariya, don ba ta da ko taku ɗaya na garka. Baba ya aika mata da cikin hannunta kamar kowa.

Kada a ɗauka Baba mutum ne mai sauƙi. Mu ƴaƴansa mun sha wuyarsa. Ba ya yabo, ba ya ba da haƙuri, in ka taka masa fangali sai ka gwammace kunama ta harbe ka. Amma a kan iri hannunsa a buɗe yake, kuma yana son a san haka. Ranar zagaye yakan tsaya a bakin garka yana gyara hula, yana yi kamar bai ga masu ƙulla kaba ba, alhali babu wanda ya wuce masa.

Lalacewar abin a hankali ta zo. Ruwa ya yi ta nisa. Masu hali suka sayi injin ban ruwa, suka janye na ƙarƙashinmu, mu masu guga muka koma ƙara igiya. Sai ga irin gwangwani ya shigo kasuwa, mai saurin yi, mai manyan ƴaƴa, irin wanda masu kamyo, manyan motocin ɗaukar kaya, suke so. Samari suka watse cin rani. Ƙannena maza biyu suka tafi, ɗaya Aljeriya, ɗaya Abijan, sai murya a waya. Ni kuma mijina ya rasu na dawo gida da ƴaƴana, na zama ni ce namijin garkar, ni ce mai jan guga.

Fuwar kuwa sai girma take yi. Mutanen furoje, ƙungiyoyin tallafi, suka shigo da kyaututtuka, buhun taki da amalanke da sauransu. Daga nan aka ce filin makaranta ya yi kaɗan, aka ɗauke ta aka kai babban garin komin, wato ƙaramar hukumarmu, aka kafa rumfuna da lasifika da kujerun baƙi. Babu wanda ya tashi ya ce an hana zagaye. Wannan shi ne abin da yake ƙona mini rai har yau, don da wani ne ya hana da na san wanda zan zaga. Kawai dai manyan baƙi ba su da lokaci, kuma babu mai son sa takalmin birni a cikin taɓo.

Shekarar farko da aka ɗauke ta, Baba bai yarda ba. Ya ce dattawa za su dawo bayan jawabi. Ya sa na shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, na dama fura, ya yanko kaba da kansa ya ajiye a bakin darni don kada mutane su wahala nema. Ya sa rigarsa ta Sallah ya zauna. Muka zauna tun hantsi har rana ta yi sanyi. Muna jin motoci suna dawo da mutane gari, ana ta hayaniya, babu wanda ya gangaro. Da la'asar ta yi sakaliya ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Naɗe tabarmin ga." Furar, yara suka shanye ta.

Shekarar da ta biyo rijiyarmu ta kusa ƙafewa, idon Baba kuma ya fara hazo. Ruwan ba zai ishi albasar ci da ta iri ba, sai ya zaɓi ta iri. Fangali ɗaya tak muka yi, da albasar da ta rage a rudu. Wato duk abin da ya saura na irin gidanmu a hannunmu yana tsaye a wannan fangalin. Furen kuwa ya yi kyau kamar ya san shi ne na ƙarshe. Sai aka yi shela cewa bana akwai kyautar fure, amma a kawo shi kan tebur.

Ranar fuwar da safe na gangara da guga na iske shi a tsakiyar fangalin da wuƙa.

"Baba, mi za ka yi da wuƙa?"

"Tunda ba su tahowa, ni in kai musu."

"Hurenga bai ɗaure iri ba. In ka yanke shi, mi za mu zuba in kaka ta yi?"

"Ke, irina ya cika hwadamar ga. Wane gida na ban ba? In na tashi biɗa, wa ka hana ni?"

"To ka bar rabi."

"Rabi? In tsaya gaban mutane da hure kamar na mai roƙo?"

Na yi faɗa, na yi magiya, na haɗa shi da darajar mahaifinsa. Ko kallona bai yi ba. Ya ce samarin yanzu ba su taɓa ganin furen albasar kirki ba, in sun gani za su biyo shi. Yana kamo kara yana yankewa, ruwan karan yana bin hannunsa. Ni na san rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma kewar jin sunansa a bakin sanƙira ce. Na ji haushinsa ranar kamar in yi ihu, kuma na ji tausayinsa, duka a lokaci ɗaya. A ƙarshe ni ce na jera furen a babban kwano na rufa da jiƙaƙƙen zane, muka hau amalanke.

Kafin mu isa kawunan sun fara sunkuyawa. Duk da haka da na buɗe kwanon sai da mutanen wurin suka juyo suna kallo. Sauran furannin teburin na roba ne, Madam kuma tsufa ya hana ta zuwa. Ƙudan zuma suka gano mu, matan manyan baƙi suna ta kore su da mayafi. Samari suka taru suna ɗaukar hoto da waya. Wani daga cikinsu, jikan mai albasa, wanda da kuɗin albasa aka raɗa masa suna, ya ce, "Tsoho, wanga huren wane icce na?" Baba ya buɗe baki zai yi masa bayani, yaron ya riga ya juya. A aljihun Baba akwai ganyen kaba da ya zo da shi, ko wani zai nema. Haka ya koma da shi gida.

Baba ne ya zo na ɗaya. Aka kira sunansa a lasifika, ya miƙe ya tafi a tsaye cak kamar saurayi, ba zan ɓoye ba, ya ji daɗi. Aka miƙa masa koriyar arozuwar, wato butar ban ruwa, da wani gwangwani. A hanya ya girgiza gwangwanin kusa da kunnensa ya ce, "Mi na ciki? Madara?" Na ce, "Irin albasa na, Baba, na kanti." Ya miƙo mini gwangwanin.

Da aka gama girbin gero, lokacin zuba iri ya yi, ya ce in raka shi. Muka fara da gidan amininsa, wani Alhaji da suka yi ƙuruciya tare. Aka gaisa, aka kawo ruwa, Baba ya ce, "Iri niz zo biɗa." Alhaji ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ya ce, "Wallahi aboki, ɗiya sunka karɓe garka, na gwangwani suka zubawa. Naka ya daɗe da ɓace muna." Baba ya ce babu komai, muka tashi.

Gida na gaba mai shi ya rasu, ɗansa bai ma san da wata al'adar kaba ba. Yaron kirki ne, ya ce zai sayo wa Baba gwangwani a Madawa in yana so. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi, na yi maza na yi godiya na ja shi waje. Haka muka yi ta bi, ƙofa bayan ƙofa. Muka hau kabu-kabu har wajen Azarori, muka aika saƙo Tabotaki wurin wani da ya taɓa ƙulla kaba. Ko'ina a karɓe mu da mutunci, a ba mu fura, a rako mu har bakin hanya. Babu wanda ya hana shi iri. Babu ne kawai, kowa ya saki nasa yana zaton yana hannun wani.

Ni ce na tuna da Madam. Baba ya yi wata ƴar dariya mara daɗi ya ce, "Wadda ba ta da garka?" Amma ya sa takalminsa.

Mun same ta a gidanta kusa da asibitin, mijinta ya rasu, ta tsufa ƙwarai, furanninta na nan a gwangwanaye a gindin katanga. Ta gane muryarsa tun daga zaure. "Malam, kai na? Lale, lale!" Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta tashi da sauri har tana tuntuɓe, ta shiga ɗaki ta fito da wata ƴar kwalbar magani. Ta ce, "Ga shi. Tun randa ka aiko min nike aje da shi. Ban da wurin shuka, kuma ban iya zubar da shi." Fuskarta cike da murna, ita ga ta yau ta yi wa Malam rana.

Baba ya zazzage irin a tafin hannunsa, ya murza da yatsa, ya kai hanci. Ina kallon fuskarsa. Irin nan ya girmi ɗana na fari.

Ya ce, "Shi na. Allah shi saka miki da alheri."

Ta ce, "Zai hito ko, Malam?"

Ya ce, "Sai mun zuba mu gani."

A hanya na kasa haƙuri na ce, "Baba, ka san irin ga ya mutu." Ya ce ya sani. Na ce to wahalar me za mu yi? Ya ce, "Duk hwadamar ga ita ɗai ta riƙe. Ba ni zubar da shi ga bola."

Ya gyara fangali da hannunsa, ya barbaɗa irin, ya rufa da ciyawa. Safe da yamma ina jan ruwa yana bi da koriyar arozuwar nan ta kyauta. Na maƙwabta ya fito ya yi kore shar. Namu sai ƴan tsirrai nan da can, shi kuma tunda ido babu, sai ya durƙusa ya bi su da yatsa. Tsiron albasa a mulmule yake, na ciyawa a baje. Ya taɓa, ya tsinke, ya sansana, ya yar. Na sha juya baya don kada ya ji ina kuka, kuma ina jan gugar ina jin haushin ruwan da muke zubarwa.

Wata safiya, lokacin zuba iri yana gab da wucewa, na kawo masa arozuwar bai karɓa ba. Ya ce, "Ina gwangwanin nan da anka ba ni?" Na ce yana ɗaki. Ya ce, "Buɗe shi ki zuba. Ɗiyanki na buƙatar ci." Ya juya zai hau gari, sai ya tsaya ya ce, "In Madam ta tambaya, ki ce mata ya hito." Daga ranar bai sake taka garka ba. Na gwangwanin kuwa ya fito ba da jimawa ba, tsaf, babu ko gurbi.

Baba ya rasu da bazara. Madam ta zo gaisuwa, ta riƙe hannuna ta tambaya, na faɗa mata abin da ya ce in faɗa. Albasar da na samu manya-manya ce, masu kamyo suka yaba. Wadda na kai rudu kuwa kafin tsakiyar damina ta zama ruwa, sai da muka kwashe da shebur muna toshe hanci. Tun daga nan kowace kaka kanti nake zuwa sayen iri kamar kowa.

Na manta cewa Baba ya taɓa yi wa Madam bayanin shekara biyun nan, ita kuwa ba ta manta ba. Ranar fuwar ta shekara ta biyu da zuba irin nan, gari ya watse an tafi komin, ina garka ni kaɗai, sai na hango amalanke tana gangarowa fadama. Jikanta ne ya kawo ta. Ta sa zanenta na zuwa coci, ta sauko da ƙyar tana dogara sanda, a ɗaya hannun tana riƙe da ganyen kaba.

Ta ce, "Ɗiyata, na taho zagaye. Ina huren Malam?"

Na ajiye guga. Ta dubi fangalin farko, ta dubi na biyu, ta bi su da ido har ƙarshen garka. Lawashi ne kore ko'ina, babu farin kai ko ɗaya. Sannan ta dube ni, na san ta gane, ba ta kuma tambaye ni dalili ba. Ta matsa jikin darni, ta ƙulla kabar, ta koma ta hau amalanke.

Ƙullin yana nan, duk lokacin da na sake darni sai na mayar da shi. A garinmu ba a taɓa hana wanda ya ƙulla kaba iri ba, ni kuma ba ni da abin da zan aika mata.